Goruba a Bayan Riga

Man da likitar ta shafa wa Rabi a ciki sanyi gare shi kamar ruwan randa. Ta ɗora wani abu mai kama da ƙaramin dutsen guga a kai, tana jan sa a hankali, idonta na kan gilashin da ke jikin na'urar, irin na talabijin amma bai kai shi girma ba. Ba a daɗe da kawo na'urar asibitin ba, matan da ke zuwa awon ciki har yanzu ɗar-ɗar suke yi da ita. A waje ruwan watan Agusta ke ta dukan kwanon rufi, irin ruwan Jos da ke zuwa da sanyi har cikin ƙashi.

"Duba nan," in ji Dakta Adaeze, da Hausarta ta unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa inda aka haife ta. "Wannan da yake motsi, zuciyan yaro ne. Lafiya lau."

Rabi ta ɗaga kai ta duba. A tsakiyar wani duhu mai toka-toka akwai ɗan ɗigo yana ƙiftawa da sauri. Cikinta na fari ke nan. Ta buɗe baki za ta yi hamdala, sai minsharin ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Ko a tsakiyar kasuwa ta ji shi za ta gane shi. Mijinta ne, Haladu, direban bas ɗin haya tsakanin Jos da Bukuru. Shi ya kawo ta, ruwa ya hana shi komawa tasha, ya zauna a bencin baranda yana jira. Ta ji matan da ke layi sun fara dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta ce yau an kawo injin niƙa asibiti. Minsharin ya yi sama, ya ƙara sama, sannan ya yanke kamar an datse shi.

Matan suka ci gaba da dariyarsu. Rabi ta kasa kunne. Ba ta jin komai sai ruwa. Shirun ya yi tsawo, ya wuce inda ya saba tsayawa. Ta ture hannun likitar, ta sauko daga gadon, ta riƙe zaninta da hannu ɗaya, ta buɗe ƙofa.

Yana zaune kansa jingine da bango, bakinsa a buɗe. Ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka da ƙarfi, kamar mai kokawa da wani, amma ko ɗigon iska ba ta shiga. Leɓɓansa sun yi duhu. Ta dafa kafaɗarsa ta girgiza. Ya ja numfashi da wata ƙara irin ta wanda aka tsamo daga rijiya, ya buɗe jajayen idanu.

"Har an gama?" ya ce.

Babu sauran mai dariya a barandar. Likitar tana tsaye a bayan Rabi, ta ga komai.

"Kullum haka yake yi?" ta tambaya.

Rabi ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarta.

"Kullum," ta ce.

*

Tun satin aurensu ta gano cewa ba minsharin ne abin tsoro ba. Minshari alama ce cewa yana nan. Shirun da ke biyo baya shi ne ya raba ta da barci. Ta koyi kwanciya hannunta a kan kafaɗarsa, rabinta a farke, da ta ji ya yi shiru sai ta taɓa shi, ya farfaɗo, ya koma. Shi kuwa da safe ba ya tuna komai. Sai dai ya tashi da ciwon kai, bakinsa a bushe, yana cewa bai san abin da ya sa barci ba ya isarsa ba.

Haladu mutum ne mai jiki, wuyansa gajere mai kauri, ga sanyin hali. Yakan yi gyangyaɗi a huɗubar Juma'a, yakan yi shi da lomar tuwo a hannu. Sau ɗaya, a mashigar jirgin ƙasa, yana jiran jirgin kaya ya wuce, sai da fasinja suka bubbuga masa baya kafin ya ja mota. A tasha sun sa masa Sarkin Barci, yana amsawa yana dariya, yana ƙara cin goro.

Da likitar ta ce ya shigo ta duba shi, ya kalli ƙofar, ya kalli matan da ke benci.

"Likita, ai nan ɗakin mata ne."

"Wannan na'ura bai san mace ba, bai san namiji ba. Ba ya yanka, ba ya ƙona. Sauti yake turawa cikin jiki, ya dawo da hoto. Shiga, Malam."

Ya dubi Rabi. Ya cire hularsa ya shiga.

Aka kwantar da shi rigingine a gadon da ta sauka. Likitar ta ɗaga masa haɓa, ta shafa man a ƙarƙashin gemunsa, ta ɗora ɗan dutsen gugar nan. Ta ce ita ma ba ta taɓa gwada haka ba, don masu ciki aka kawo na'urar, amma ta karanta labarin irin wannan ciwo a mujallar likitoci, tana so ta gani da idonta. A gilashin wani farin layi ya bayyana, a lanƙwashe kamar bayan kifi.

"Harshenka ke nan. Haɗiye yawu."

Ya haɗiye. Layin ya yi tsalle ya koma. Rabi ta ja da baya kaɗan. Ba ta taɓa zaton harshe yana da zurfi haka ba. Abin da ake gani a baki ashe ɗan kansa ne kawai, gindinsa yana can ƙasa, ya cika wurin fam.

"Yana da kauri sosai," in ji likitar. "Yanzu kwanta kawai. Kar ka yi magana."

Ɗakin da ɗumi, ruwa yana ta zuba a kwano. Ba a jima ba idanun Haladu suka rufe. Likitar ta yafito Rabi da yatsa, ta nuna mata gilashin. A hankali farin layin ya saki, ya fara zamewa baya. Minshari ya tashi. Layin ya ƙara zamewa, kamar an jawo labule, sai minsharin ya yanke.

Rabi ta tsaya tana kallon abin da ta daɗe tana saurare cikin duhu. A gilashin da ɗazu zuciyar ɗanta ke ƙiftawa, yanzu babu abin da ke motsi. Ta miƙa hannu, likitar ta riga ta, ta juya kansa gefe. Ya ja numfashi da ƙarar nan, layin ya koma mazauninsa.

Da ya tashi zaune likitar ta yi masa bayani dalla-dalla, ta maimaita. In ya yi barci rigingine, gindin harshen ne ke faɗawa baya ya toshe hanyar iska. Ya riƙa kwanciya a gefe. Ya rage jiki. Ya ajiye tuƙi tukuna, don wanda bai yi barcin kirki ba yana iya yin sa a kan sitiyari. Kada ya kuskura ya sha ƙwayar barci, ko wace iri, domin ita za ta hana shi farkawa lokacin da iska ta yanke. Kuma kada ya bari kowa ya taɓa masa maƙogwaro.

"In duk bai yi ba," ta ce, "akwai aiki da ake yi a babban asibiti. A buɗe ƙaramin hanya a nan." Ta taɓa ƙasan wuyanta.

Haladu ya dafe nasa wuyan da hannu biyu. Daga nan bai ƙara jin abin da take faɗa ba.

Ya fito yana goge man da ya maƙale a gemunsa da bakin riga. A ƙarshen baranda, riƙe da lema, Lukuman ne tsaye, ɗan kamashon tasharsu, ya rako ƙanwarsa awo. Ya dubi Haladu, ya dubi rubutun da ke saman ƙofar, ya washe baki.

"Sarkin Barci. Wata nawa ne?"

*

Kafin la'asar labari ya gama tasha. Washegari Haladu ya tarar an ɗaura wa madubin motarsa ɗankwali. Masu shayi suna tambayarsa ko yana kwaɗayin tsami. Wani ya ce a taimaka a daina ba shi lodi mai nauyi. Ya yi dariya tare da su yadda ya saba, amma da ya dawo gida a unguwar Jos Jarawa bai taɓa tuwonsa ba.

"Maigida, ka ajiye motar nan kamar yadda ta ce," in ji Rabi.

"In ce wa Yaya me? In ce masa mai duba masu ciki ta hana ni?"

Motar ta yayansa ce, Shu'aibu, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya koya masa tuƙi, ya yi masa aure. Haladu bai taɓa ce masa a'a ba.

Rabi ta ga maganar mota ta fi ƙarfinta, sai ta kama wadda take iyawa. Ta yi ta tunanin yadda mai barci zai san ya juya rigingine. Ta jera masa matasai a baya, ya ture su. Ran nan tana cin goruba a tsakar gida, ta jingina da bango, ƙwallon da ta ajiye ya soke ta a baya har ta zabura. Ta ɗauko tsohuwar rigarsa ta shan iska, ta yi mata aljihu a tsakiyar baya, ta sa goruba sabuwa mai tauri, ta ɗinke da zare ninki biyu.

Da ya gani ya yi dariya har da hawaye.

"Rabi, ni za ki yi wa tozo kamar raƙumi?"

"Ka sa dai. Ba mai gani sai ni."

Ya sa. Duk lokacin da ya mirgina baya, gorubar ta tokare shi, ya yi tsaki cikin barci ya koma gefe. Minsharin bai tafi ba, amma shirun ya ragu, ya gajarce. Hannunta bai bar kafaɗarsa ba, sai dai ta fara samun barci. Wata safiya ya ce mata kansa bai yi ciwo ba. Ya shafa cikinta ya ce in namiji ne ba zai yi tuƙi ba, makaranta zai yi. Kwanakin nan su ne mafi daɗi da ta sani a gidan.

Sai Shu'aibu ya zo, ranar wata Asabar da hantsi. Ya zauna a kujerar tsakar gida, ya amsa gaisuwar Rabi a taƙaice. Ta kawo ruwa ta koma ɗaki, ta zauna kusa da labule.

"Ni ban iya shiga tasha yanzu," ya ce. "Duk inda na bi, ga yayan mai ciki. Me ya kai ka, Haladu? Ƙato da kai, mace ta kwantar da kai a gadon awo."

"Yaya, na ga abin da idona. Harshe ne."

"Ka gani? Ai an ce barci kake yi."

Shu'aibu ya ci gaba.

"Wa ya taɓa jin harshe ya kashe mai shi? Beli ne. Na tambayi Inna Talatu, ƙanwar Baba, ta ce lokacin da aka haife ka ana fama da ƙyanda a gari, ba a kira wanzami ba, ba a cire maka ba. Shi ne ya girma yana kaɗawa a maƙogwaro. Sa'adu wanzami ya ce aikin ƙiftawar ido ne. Shi ya cire wa 'ya'yana duka, wanne ka ji yana minshari?"

"Ta ce kada a taɓa maƙogwaron."

"Amma ita za ta huda maka wuya, ko? Ka riƙa yawo da rami kamar buta." Ya kurɓi ruwa. "Baba ma ya yi minsharin nan duk rayuwarsa, bai je wani asibiti ba. Allah ya ɗauke shi cikin barcinsa, salin alin, ko ciwon kai bai yi ba."

Rabi ta miƙe. Ba ta san lokacin da ta ɗaga labule ba.

"Yaya, don Allah a yi haƙuri. Ni na ga hoton. Ba belin ba ne, can ƙasa ne."

Shu'aibu ya dube ta, ba da fushi ba.

"Amarya, ki ji da abin da ke gabanki. Jiya na haɗu da mahaifinki a Bukuru, ya ce jibi za a zo a tafi da ke goyon ciki. Kafin ki dawo da ɗanmu mijinki ya warke, ki samu barci."

*

Al'ada ce, mai cikin fari a gidan iyayenta take haihuwa, ta yi wankan jego a hannun uwarta. Rabi ta san da zuwan ranar, amma ba ta taɓa haɗa ta da kafaɗar Haladu ba sai yanzu. Da mahaifiyarta ta zo, ta ja ta ɗaki ta durƙusa.

"Inna, ki bar ni in haihu a nan."

"A nan? Wa zai dafa miki ruwan wanka? So kike a ce ba ki da gidan uba?"

"Ba ya iya barci shi kaɗai."

Innar ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Ji mini rashin kunya. Duk mazan duniya haka suke cewa."

"Numfashinsa yankewa yake, Inna. Sai na taɓa shi."

"Rai a hannun Allah yake, ba a hannunki ba. Tashi ki haɗa kayanki."

Ta haɗa. Kafin su fita ta ninke rigar gorubar ta sa masa a hannu, ta riƙe hannun.

"Ka yi mini alkawari biyu. Ka sa ta kullum. Kuma kada ka je wurin wanzamin nan."

"Zan sa," ya ce.

Ta jira na biyun. Ya ɗauki akwatinta ya kai mota.

A Bukuru aka ba ta ɗakin da ta yi ƙuruciya, wanda tagarsa ke kallon wani tsohon kududdufin haƙar kuza, ruwansa kore, ba ya motsi. Ana ta lallashinta da kunun gyaɗa da gwate, ba ta iya ci. In ta kwanta hannunta sai ya miƙe da kansa ya dafa tabarma.

Ana cikin haka, wata ranar Laraba bayan la'asar, ta ji tsayuwar motarsa a ƙofar gida. Ta fita zaure da sauri. Yana tsaye, an naɗa masa rawani a wuya, fuskarsa ta kumbura. Ya yi mata murmushi, ta ga jini-jini a haƙoransa.

"An yi?" ta ce.

Ya gyaɗa kai. Da ya yi magana, muryar kamar ta mai dankali mai zafi a baki.

"Da safe. A zauren Yaya. Mutanen tasha duk sun zo, sun ce na yi jarumta, ko motsi ban yi ba."

"Buɗe in gani."

Ya buɗe da ƙyar. Ba ta ga komai ba sai kumburi, ja da baƙi, ya cike bayan bakin. Yana numfashi tana jin wani ɗan fito siriri.

"Maigida, mu je asibiti yanzu. Ga mota."

"In sake shiga can? Yau ɗin da suka daina kirana mai ciki?" Ya haɗiye yawu, ya runtse ido don zafi. "Sa'adu ya ce kumburin na kwana biyu ne. A gidan Yaya zan kwana, matarsa Ladi za ta dama mini kunu. Akwai yaran mota a zauren, ba ni kaɗai ba ne."

"Ina rigar?"

"Tana mota."

"Za ka sa a gabansu?"

Ya kau da kai yana kallon titi.

"Ka gaya musu in sun ji ka yi shiru su tashe ka. Ka ji? Ba minsharin ba, shirun."

"To."

"Kuma kada ka sha komai."

Hannunsa ya kai aljihun gaba ya tsaya. Ta zura nata ta ciro ɗan ƙullin takarda. Ƙwayoyi ne farare ƙanana, irin waɗanda masu tallan magani ke yawo da su a faranti cikin tasha.

"Yaya ya saya," ya ce. "Wai don zafin ya bar ni in runtsa."

Ta dunƙule su a hannunta. "Waɗannan sun zauna a nan."

"Su zauna." Ya yi ɗan murmushi. "Kin cika tsoro, Rabi."

Bai gaya mata cewa rabin ƙwayoyin kawai Shu'aibu ya ba shi ba, sauran suna can gida. Ta raka shi har bakin mota. Fasinja na ciki suna jira, wata mata da kwandon tumatir a cinya tana mita. Ta bi motar da ido har ta sha kwana. Ta koma ta roƙi mahaifinta ya bar ta ta bi shi, ya ce mai ciki wata tara ba ta fita da magariba, gobe ƙaninta ya je ya dubo shi.

*

Ba ta jira ƙanin ba. Gari na wayewa, Inna na banɗaki, ta yafa mayafi ta fita ta tari motar farko. Hazo ya rufe duwatsu, gonakin dankali jiƙe da raɓa. Duk tsawon hanya addu'a ɗaya take maimaitawa, ba ta kai ƙarshenta sai ta koma farko.

Ƙofar gidan Shu'aibu babu taro, babu tabarmi. Ta yi hamdala. Ɗakin zaure a rufe yake, yaran mota sun riga sun fita wanke bas. Ta wuce ciki. Ladi, matar Shu'aibu, tana tsugune tana hura wuta.

"A'a, Rabi? Da wannan cikin? Inna ta san kin fito?"

"Ya maigidana ya kwana?"

"Ke dai ki gode wa Allah. Aiki ya yi kyau." Ladi ta miƙe tana goge hannu. "Da farko ya yi ta juyi, zafi ya hana shi sakat, sai Yayanku ya ba shi magani. Ya ɗan yi minsharin nan nasa, har nan muna ji, daga baya kuwa tsit. Yaran ma da safe suke cewa yau ne suka san Sa'adu ya iya aiki. Ko asuba Yayanku ya ce kada a tashe shi, a bar shi ya rama barcin shekaru."

"Tsit," in ji Rabi.

"Wallahi kamar ba kowa a ɗakin."

Rabi ta juya. Tsakanin murhu da zaure ba nisa, amma sai ta ga kamar ba za ta kai ba. Ta tura ƙofar. Haske ya shiga ya kwanta a kan tabarma. Yana kwance rigingine, cikin farar singileti, bakinsa a buɗe, hannu ɗaya a kan ƙirji.

Ta durƙusa da ƙyar saboda cikin. Ta dafa kafaɗar da ta saba dafawa, ta girgiza a hankali, yadda take yi kullum. Ta jira ƙarar nan ta wanda aka tsamo daga rijiya. Ta sake girgizawa. Sanyin kafaɗar ya ratsa tafin hannunta.

A bayanta Ladi tana cewa, "Ki bar shi mana ya huta."

*

Ta haihu bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki, namiji. Aka mayar masa da sunan ubansa. Mutanen tasha sun zo suna da yawa, har da Lukuman, wanda ya yi ta share hawaye yana cewa ba a taɓa yin mai haƙuri irin marigayi ba. Babu wanda ya ambaci wanzami. Sa'adu ma ya zo, shi ya yi wa jaririn aski. Da ya ciro ɗan ƙarfensa na cire beli daga zabira, Rabi ta aiko daga ɗaki a kawo mata ɗanta, ta rungume shi ta ƙi saki. Aka yi ta magana, daga baya aka ce a ƙyale ta, zafin rashi ne, a yi wani lokaci.

Ranar da ta yi arba'in Shu'aibu ya zo Bukuru da rana. Ya rame. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya ajiye wata jakar leda.

"An ba wani motar," ya ce. "Da ana share ta aka ga kayansa."

Ta buɗe. Carbinsa ne, da kofin shayi, da ɗan madubi. A ƙasa akwai wani abu naɗe cikin tsohuwar jarida, an ɗaure da igiya tam, yadda ba mai ganin abin da ke ciki.

"Wannan a ƙarƙashin kujerar direba aka same shi, an tura can ciki. Na taɓa na ji abu mai tauri. Laya ce?"

Ta kwance igiyar. Rigar tana nan a ninke yadda ta ninke ta.

"Goruba ce," ta ce.

"Goruba?" Ya yi ajiyar zuciya. "Allah ya jiƙansa. Ni abin da ke sanyaya mini rai, Amarya, bai sha wahala ba. Irin tafiyar Baba ya yi."

Ya yi sallama ya tafi.

Gidan ya yi shiru, irin shirun bayan azahar. Jaririn yana barci a gefenta kan zani, an kwantar da shi rigingine, ɗan bakinsa a buɗe. Ta kasa kunne. Numfashin jarirai ba ya ƙara. Ta sunkuya, ta ƙara kasa kunne. Sannan ta sa yatsu biyu a 'yar kafaɗarsa ta girgiza. Ya zabura, ya tsala kuka.

"Rabi," in ji Inna daga tsakar gida, "sau nawa zan gaya miki? Ki bar yaron nan ya yi barci."

Ta ɗauke shi ta sa a kafaɗa tana jijjigawa. Ɗaya hannun yana kan rigar, ta damƙe gorubar ta cikin ɗinkin. Zaren ko ɗaya bai saki ba.